Ma'adanan Abinci da Lafiyar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi daga Zamfara

Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ake ji ne a layin awon ciki, da bakin shagon magani, da zauren gida bayan sallar isha'i, tun daga Gusau har Gummi. An amsa su gwargwadon abin da ake ci a nan da abin da aljihu zai iya. Mai ciwo a jiki kuwa, karatu ba zai isar masa ba, sai ya je an duba shi.

Wai su wane ma'adanai ne ke cikin abinci?

Su ne dai waɗanda ke cikin ƙasa. Saiwar dawa da wake da zogale tana zuƙo su daga gona, akuya ta ci ganye su shiga namanta da nononta, mu kuma mu ci duka biyun. Jiki ba ya ƙera su da kansa, dole ta baki za su shigo. Wasu ana buƙatarsu da ɗan yawa, irin su kalsiyam da fotasiyam da sodiyam da magnesiyam. Wasu ɗan mitsitsi ya isa: sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa ayon, da zink, da aidin, da seleniyam.

Babban mutum yana ɗauke da kalsiyam kusan kilo 1, kashi 99 cikin 100 a ƙashi da haƙori. Ƙarfen da ke jikinsa duka bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, mafi yawansa a jini. Aidin kuwa miligiram 15 zuwa 20 ne kacal, amma in ya yi ƙaranci har a wuyan mutum ake gani.

Masu girki su riƙe wannan: wuta ba ta kashe ma'adanai, ruwa ne ke kwashe wasunsu. Idan aka dafa zogale ko rama a ruwa mai yawa, aka tsiyaye koren ruwan nan aka watsar a makwarara, an zubar da rabo. A rage ruwan dahuwa, ɗan abin da ya saura kuma a juye a miya in ɗacinsa bai yi yawa ba.

A gidanmu ba a kwana da yunwa, tuwo dare da ɗumame da safe. Ta ina ƙaranci zai same mu?

Tuwo yana kashe yunwa, yana ba da ƙarfin riƙe fartanya, ba wanda ya isa ya raina shi. Dawa da gero ma suna da ƙarfe da zink daidai gwargwado, gero ya fi farar shinkafa nesa ba kusa ba. Sai dai abu biyu ne ke rage amfanin. Na farko surfe: mafi yawan ma'adanan hatsi suna can jikin dusa, ita kuwa dusa rabon tumaki ce. Na biyu, akwai wani sinadari a cikin hatsi da wake mai suna fayitet, yana riƙe ƙarfe da zink da kalsiyam a cikin hanji ya hana su wucewa cikin jini. Shi ya sa mutum zai cinye malmala uku, abin da ya shiga jininsa kaɗan ne.

Iyayenmu mata sun san maganin wannan tun kafin a ba shi suna. Jiƙa gero ya kwana, barin gasara ta yi tsami, sa hatsi ya yi tsiro kafin a niƙa, ruɓar da kalwa ta zama daddawa, duk suna karya ƙarfin fayitet. Koko mai tsami ya fi kunun da aka dama da ɗanyen gari nan take.

Amma ni a wurina maganar tana cikin tukunyar miya. Miyar kuka iri biyu ce. Akwai wadda aka kaɗa da ruwa da gishiri da magi kawai, akwai wadda aka sa mata daddawa da dakakken busasshen kifi da ɗan wake ko gyaɗa. Launinsu ɗaya, santsinsu ɗaya, abin da suke bai wa jiki kuwa ba a haɗa su. Haka hoce: in aka ci shi gaya, ciki ne kawai ya cika, in aka haɗa da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, an ci abinci.

Sai kuma rabo. A gidaje da yawa tsokar da ke cikin miya kwanon maigida take tafiya, abin da ya rage na baƙi ne. Alhali namiji baligi ƙarfe miligiram 8 yake buƙata a rana, mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Wanda ya fi kowa ƙarancin buƙata shi ke samun kaso mafi tsoka. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 58. A Zamfara adadin yaran ya haura kashi 80, ya fi na kowace jiha.

Yaya zan gane ƙarancin jini, kuma rashin abinci ne kaɗai ke kawo shi?

Kasala, jiri in an miƙe, haki bayan 'yar tafiya, bugun zuciya, ciwon kai. A ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta, a duba tafin hannu da harshe: in sun yi fari fat, akwai magana. Tabbaci sai an ɗebi jini. Ga mai ciki, in awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, wanda asibiti ke kira PCV, ya yi ƙasa da 33, ƙarancin jini ne.

Ƙarfe shi ne ginshiƙin abin da ke sa jini ja, wanda ke ɗaukar iska daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Amma ba ta abinci kaɗai ake rasa shi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ta maƙale a hanji tana shan jini kullum. Akwai tsargiya, wadda yaran da ke wanka a gulbi da madatsun ruwa da magudanan noman rani suka sani, har wasu ke ɗaukar fitsarin jini alamar balaga. Ga jinin al'ada mai yawa, ga haihuwar kunika. Wanda yake zubar da jini ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, ko hanta yake ci kullum ba zai cike gurbin ba sai an toshe ɓarakar: gidan sauro, takalmi, maganin tsutsa, maganin tsargiya.

Abincin da ya fi ƙarfe mai saurin shiga jini shi ne hanta da ƙoda da saifa da jan nama da kifi. Na wake da awara da daddawa da ganye yana da wuyar shiga, amma in aka matsa lemun tsami a kai, ko aka ci da ɗanyen tumatir ko gwaiba, ko aka sha ruwan garin 'ya'yan kuka, bitamin C da ke cikinsu yana ƙara abin da hanji ke ɗauka. Mai ciki ta ci hanta kaɗan, kamar sau ɗaya a mako, saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

An ce lemon malt da madarar gwangwani suna ƙara jini. Haka ne? Zoɓo fa?

A'a. Madara tana da kalsiyam, amma ƙarfenta bai taka kara ya karya ba. Malt kuwa sukari ne ya fi yawa a ciki. Mara lafiya zai sha ya ji ɗan ƙarfi na awa ɗaya, jininsa yana nan inda yake. Kuɗin gwangwanayen nan biyu in aka kai wa mahauci za a samo hantar da ta fi su amfani.

Zoɓo abin sha ne mai kyau in ba a cika masa sukari ba, amma jan launinsa rini ne na tsiro, ba shi da haɗi da jan jini.

Ni ba na iya karin kumallo sai da shayi. Yana da illa?

Ganyen shayi yana da abin da ke riƙe ƙarfen hatsi da wake ya hana shi shiga jini, kofi ma haka. Ga lafiyayyen namiji ba wani abin damuwa ba ne. Mai ciki da mai ƙarancin jini su bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi, kuma kada a haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shi. Yaro ɗan shekara biyu da ake cika wa ciki da baƙin shayi da burodi kowace safiya, an cuce shi ba da niyya ba.

Uwar mijina ta ce in daina shan jan maganin awo, wai yana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwarsa.

Tsoronta ba na banza ba ne, ta ga matan da suka kwana biyu suna naƙuda. Amma ba ƙwayar ce ke kawo wannan ba. Abin da ke hana ɗa fitowa yawanci ƙugu ne da bai gama buɗewa ba, ko don ƙuruciyar uwa ko don rashin abinci tun tana ƙarama, ko kwanciyar ɗan ba daidai ba, ko ciwon sukari. Ƙwayar tana rage haihuwar jariri ɗan firit mara nauyi, ba ta mai da shi ƙato.

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, abinci kaɗai da wuya ya biya wannan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da bitamin ɗin da ake kira folik asid maikrogiram 400 kullum. A wasu asibitocin an fara ba da ƙwaya guda mai haɗe da bitamin da ma'adanai 15. Babban dalili shi ne ranar haihuwa. Kowace mace tana zubar da jini a ranar, wadda ta shiga da jini cikakke za ta jure, wadda ta shiga da rabi ɗan zubar da bai kai ya kawo ba sai ya tafi da ita.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai. In tana tayar da zuciya, a sha da dare bayan tuwo. In ta ɗaure ciki, a yawaita ruwa da ganye. In kuma maganar ta ƙi ƙarewa a gida, ki roƙi Inna ta raka ki awo sau ɗaya, ta ji daga bakin ungozomar asibiti. Tsofaffi sun fi karɓar magana in an girmama su an yi musu bayani ido da ido.

Wasu asibitocin suna ƙara ƙwayar kalsiyam, domin a wuraren da ba a samunsa sosai a abinci, giram 1.5 zuwa 2 a rana yana rage haɗarin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Ita ba a haɗa ta da ta ƙarfe lokaci ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da dare. In jijjigar ta riga ta zo, allurar da ake ceton rai da ita ma ma'adini ce, magnesiyam, kuma a asibiti kawai ake yinta.

Ɗana mai sikila ne, kullum jininsa ƙasa. In saya masa maganin ƙarin jini?

Kada ka saya sai likita ya rubuta. Jinin mai sikila fashewa yake yi da wuri, ƙarfen da ke cikinsa kuma yana nan a jiki bai fita ba. In an sha yi masa ƙarin jini ma, ƙarfen taruwa yake ya yi yawa, ya taɓa hanta da zuciya. Folik asid da maganin kariya daga zazzaɓi da ruwan sha mai yawa su ne nasa.

Tunda na samu ciki nake sha'awar cin ƙasa, har bangon ɗaki nake ɓantara.

Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba abin kunya ba ne. Kwaɗayin ƙasa ko farar ƙasa ko tauna ƙanƙara sau da yawa alama ce ta ƙarancin ƙarfe, yakan tafi in jini ya dawo. Ki faɗa a wurin awo a auna ki. Ƙasar ba ta ba da abin da jikin ke nema, hana shi ma take yi, ga ƙwan tsutsa. A wasu yankunan jihar nan kuma akwai abin da ya fi tsutsa muni a cikinta, wato gubar dalma.

Dalma ma ai daga ƙasa take. Me ya raba ta da sauran?

Jiki ba shi da wani aiki da dalma ko ƙanƙani, kuma babu wani adadi nata da aka ce ba ya cutarwa. Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka tarar yara ƙanana suna suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma. Duwatsun da ake haƙo zinari a cikinsu cike suke da ita. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin irin na hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta kwanta a kan tabarma da kwanuka da hatsin da aka baza. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai aka yi musu magani. Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Guru, duk sai da aka kankare ƙasar saman gidajensu aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata aikin. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ga inda abin ya haɗu da abinci. Ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji ya shiga jini, ita dalma ke bi. Jikin da ke ƙishin ƙarfe yana wangale ƙofar, dalma ta shige a maimakonsa. Haka take yi da kalsiyam: tana shiga ƙashi ta zauna shekara da shekaru, in mace ta yi ciki ko tana shayarwa, jiki ya fara ɗebo kalsiyam daga ƙashi, sai ta fito tare da shi ta isa ga ɗan. Yaro yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa, kuma cikin da ba komai ya fi ɗauka. Wanda bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya zo makaranta karatu ya ƙi zama, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi.

Kada a fahimci wannan a karkace. Abinci mai kyau yana rage shigarta, ba ya fitar da ita. Mai fitarwa magani ne na asibiti bayan gwajin jini, shi ma ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar. Ba wanda zai ce wa mai iyali ya bar abin da yake ci da shi, amma dutse ya tsaya a wajen gari. A jiƙa shi kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi. Mai aikin ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa. Buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki dawa, turmi da injin da suka taɓa shi kada su koma kan hatsi. A wanke hannun yara kafin su ci abinci.

Tozalin da ake sa wa jarirai fa?

Tozalin dutse mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa dutsen dalma ne. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ba ya ƙara gani, ba ya wanke ido. A bar idon jariri haka nan.

Ƙafafun 'yata sun lanƙwashe, ga ta shekara huɗu. Gado ne?

Yaro mai koyon tafiya yakan yi 'yar ƙafar baka, ta miƙe da kanta wajen shekara 2 zuwa 3. Wadda ta wuce nan tana ƙaruwa, ko gwame mai tsanani, musamman in wuyan hannu ya yi kauri, yarinya tana kukan ƙafa ko ta yi jinkirin tafiya, wannan laushin ƙashi ne. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke kawo shi. A nan rana ba ta yi mana rowa ba. Wani bincike da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yaran Najeriya masu wannan ciwo sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai, wato abin da suka rasa a kwano yake. Yawanci bayan yaye abin ke farawa, in aka cire nono aka bar yaro da kunu da tuwo.

In aka kai ta da wuri, ƙafar tana iya miƙewa da magani ba tare da aiki ba. Ga 'ya mace abin ya wuce kyan tafiya, domin ƙashin ƙugu ma yana lanƙwasa, sai ranar haihuwa a gane.

Kalsiyam yana cikin nono da kindirmo, da garin kuka, da zogale, da riɗi. Akwai kuma ƙananan busassun kifin nan da ake kawowa daga Yawuri da sauran garuruwan bakin ruwa a auna a gwangwani. A daka su da kai da ƙaya gaba ɗaya su zama gari, a riƙa zuba cokali a miya ko a faten yaro. Ƙayar ce mai kalsiyam ɗin, wanda ya zare ta ya zubar ya bar mai amfanin. Fura da nono abinci ne na gaske, in nonon dafaffe ne kuma ba a sirka shi da ruwa har ya zama tsararo ba.

Maƙoƙo ya ragu ba kamar da ba. Har yanzu sai an damu da gishiri mai aidin?

Raguwar tasa ai aikin gishirin ne. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya. Mu muna nesa da teku, abincinmu ba ya kawo isasshe. Babba yana buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki 250. Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, ɓarnar da ta fi ita ce wadda ake yi wa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, ga ɓari da haihuwar ɗa ba rai.

A sayi gishirin leda mai rubutun aidin. Wanda aka baza a faranti a kasuwa rana na dukansa, aidin ɗinsa yana raguwa, kantun gishiri na dabbobi kuma ba a sa masa. A gida a zuba a roba mai murfi, nesa da murhu da laima. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura ya je asibiti, domin ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba, kuma tsagar wanzami ba ta sauke shi.

To ga shi kuma an ce gishiri na kawo hawan jini. Wanne za mu ɗauka?

Duka biyun. Ɗan kaɗan ɗin da ake ci ya zama mai aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi a shafe, kuma lissafin ya haɗa da wanda ba a gani: magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da garin ɗanɗanon taliyar yara, da yajin tsire, da kilishi, da burodi. Tukunyar da aka marmasa wa dunƙule shida sannan aka bi da gishiri ta wuce gona da iri. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Fotasiyam yana taimakawa wajen sauke hawan jini, yana cikin wake da dankalin Hausa da ayaba da dabino da tumatir da ganye. Mai ciwon ƙoda ne kawai zai tambayi likitansa tukuna, domin shi taruwa yake yi masa.

Matata ta haihu, Inna ta dage sai kunun kanwa safe da yamma har a yi arba'in.

Kunun kansa, na gero mai zafi da kayan yaji, alheri ne ga mai jego. Kanwar ce abin dubawa. Ita ma sodiyam ce kamar gishiri, tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya kaya a lokacin da ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin jego. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya samu ƙarancin seleniyam a jinin da yawa daga masu wannan ciwo, ma'adinin da ake samu a kifi da ƙwai da nama.

Ba sai an yi rigima ba. Ka same ta ita kaɗai ka ce, “Inna, a yi mata kunun, amma don Allah a ɗan taɓa kanwar kawai, asibiti sun ce a kula da jininta.” Wadda ta yi hawan jini ko kumburi da ciki, ita a cire mata gaba ɗaya. Kuɗin da za a kashe, a saya mata kifi da ƙwai. In mai jego ta fara haki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko ƙafa ta kumbura, ko tari ya hana ta barci, a tafi asibiti a ranar.

Yaro na gudawa, an ba ni gishiri da sukari da wata ƙwaya wai zink. Gudawar ta tsaya a kwana uku, in ci gaba?

Ki ci gaba har kwana 10 zuwa 14. Ɗan wata 6 zuwa sama miligiram 20 a rana, wanda bai kai ba miligiram 10. Ana narkar da ita a cokali da ruwan nono ko ruwa mai tsabta. Zink yana gyara bangon hanji, yana rage tsawon gudawar, kuma in an cika kwanakin yana kare yaro daga wata har wata 2 zuwa 3. Ruwan gishiri da sukarin kuwa shi ke mayar da ruwa da sodiyam da fotasiyam da suka zube. Leda ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Kada a daina ba da nono ko abinci, kuma kada a ce ai zawon haƙori ne a zauna. Ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko an ga jini, sai asibiti.

Yaushe jariri ke fara buƙatar wani abu bayan nono?

Wata 6. Kafin nan nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata. Ana haifarsa da guzurin ƙarfe a jiki, wajen wata shida guzurin ke ƙarewa, kuma daga nan ne yara da yawa ke fara ramewa, domin abin da ake tarbarsu da shi koko ne tsararo. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in ruwa ya cika shi ba wurin abinci. A dama kunun da kauri har ya zauna a cokali, a zuba garin gyaɗa ko na soyayyen waken suya, da garin kifi, da ɗan garin zogale. A ba shi ƙwai, ba ya sa sata. Nono kuma a ci gaba har shekara 2.

Madarar tamowa ta cikin leda magani ce ta yaron da aka auna kaurin damtsensa ya faɗa kan jan launin ma'aunin, wato ƙasa da santimita 11.5. An lissafa ma'adanan cikinta daidai da buƙatarsa. In aka raba da yayyensa ko aka kai kasuwa, shi ne zai koma inda ya fito.

Masu tallar magani a mota ranar kasuwa suna sayar da ƙwayoyin ƙarin jini da ƙarfin ƙashi. In riƙa sha don rigakafi?

Lafiyayyen da ke cin miya mai kyau ba ya buƙata. Ƙwaya ta mai ciki ce, da mai jego, da yaro mai gudawa ko tamowa, da wanda gwaji ya nuna ya rasa wani abu. Namiji ko tsohuwa da aka samu da ƙarancin ƙarfe, kafin a ba su ƙwaya sai an nemi ta inda jinin ke zuba, domin yana iya zama gyambon ciki ko wani ciwo a hanji. Yawan zink na hana jiki ɗaukar wani ma'adinin, tagulla. Ƙarfe kuma jiki ba shi da hanyar fitar da rararsa. Maganin da ya wuni a bayan mota cikin ranar Afrilu, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, bai cancanci kuɗinka ba.

Ƙwayoyin awo ma a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kai. Jajaye ne masu santsi, yaro yana ɗaukarsu alewa, kuma 'yan kaɗan sun isa su yi masa mummunar illa. In ya haɗiye su, a ɗauke shi da ledar maganin a tafi asibiti nan take. Yakan yi amai da ciwon ciki, sannan ya lafa kamar ya warke na wasu awoyi alhali gubar tana aiki a hanta, don haka ko an ga ya tashi yana wasa a tafi da shi.